Malam Abdullahi ɗan Fodiyo (1766–1829): Rayuwar Malamin Zauren da Ya Karantar da Hukunce-hukuncen Mulki

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Mai Gwandu, ta fuskar da ba a cika tsayawa a kanta ba, wato matsayinsa na malamin da ya ɗauki ilimin hukunce-hukuncen mulki baki da baki a zaure, ya kuma bayar da shi ta wannan hanya ga mutanen da ragamar jama'a ta faɗo hannunsu. An duba yadda ya yi karatu, da zamansa na Kano, da saɓanin da ya shiga tsakaninsa da yayansa Shehu Usmanu, da kuma halin da ya sami kansa a ciki a shekarar 1817, lokacin da karatun da ya daɗe yana bayarwa ya dawo kansa.

1.0 Gabatarwa

Abin da ɗaliban shari'a na jami'o'inmu ke kira dokar tsarin mulki a yau yana tattare da wasu tambayoyi tsofaffi: wane ne ya cancanci shugabanci, ta wace hanya ake naɗa shi, ina ikonsa ya tsaya, su wa ke taya shi aiki, kuma wa zai tsawata masa idan ya ƙetare iyaka. Malaman Musulunci sun daɗe da ware wa waɗannan tambayoyi babi na musamman a fiƙihu, wanda suke kira ahkamus sulɗaniyya ko siyasar shari'a. A ƙasar Hausa ta ƙarni na 18 babu tsangaya ko aji da aka keɓe wa wannan fanni. Wanda ke son sa sai ya ɗauki littafi ya nemi malamin da ya san shi, ya durƙusa gabansa har ya ƙare. Daga cikin waɗanda suka tashi a wannan tsari babu wanda ya kai Abdullahi ɗan Fodiyo yawan rubutu a kan mulki da tsanantawa wajen kiyaye ƙa'idojinsa, don haka rayuwarsa ta zama wurin da ya dace a auna ƙarfin karatun zaure da kuma inda ƙarfinsa ya tsaya.

2.0 Haihuwa da Tasowa

An haifi Abdullahi a shekara ta 1180 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 1766 zuwa 1767, a cikin zuriyar Toronkawa da ke zaune a ƙasar Gobir. Mahaifinsa shi ne Muhammadu Fodiyo, mahaifiyarsa kuwa Hauwa'u, kuma yayansa Usmanu ya girme shi da kimanin shekara 12. Gidan gidan malanta ne ta wajen uwa da ta wajen uba, har ya kasance da yawa daga cikin malamansa na farko kawunnansa ne da baffanninsa. Ya sauke Alƙur'ani a hannun mahaifinsa, kuma yana ɗan shekara 13 aka danƙa shi ga yayansa domin ya ci gaba da karantar da shi. Tun daga nan ya zamo inuwar Shehu, yana tare da shi a Ɗagel, yana kuma bin sa duk inda ya nufa.

3.0 Yadda Ya Ɗauki Karatu

Abdullahi ya bar mana tarihin karatunsa da kansa a ɗan littafin nan Ida'un Nusukhi, wanda ya rubuta a 1812, inda ya jero malamansa da littattafan da ya ɗauka a wajen kowannensu. A wajen Shehu ya karanta Ishiriniya da Witiriya da waƙoƙin mawaƙa shida na zamanin Jahiliyya, da littattafan tauhidi na Sanusi, da Ajurumiya a nahawu, da Ahalari da Ishimawi da Risala a fiƙihu, ya kuma saurari tafsirin Alƙur'ani daga Fatiha har zuwa ƙarshe ba sau ɗaya ba. Bayan wannan ya zaga wajen wasu malamai. Ya halarci karatun Sahihul Buhari a gaban Alhaji Muhammadu ɗan Raji, ya kuma zauna da Malam Jibrilu ɗan Umar, babban malamin Shehu, wanda ya ba su izinin ruwaito abin da ya ruwaito.

Tsarin wannan karatu sananne ne ga duk wanda ya taɓa zama a makarantar ilimi. Ɗalibi ne ke zaɓen malami, shi ke kawo littafinsa, ya ja baƙi jimla bayan jimla, malam yana fassarawa yana warware abin da ya shige duhu, sauran ɗalibai suna saurare har layi ya zo kansu. Ba a ƙidaya zango ko shekara, sai dai a ce wane ya ƙare littafi kaza a gaban wane. Idan malami ya shahara da littafi ɗaya, ana iya yin tafiyar kwanaki domin shi kaɗai. Wannan tsari ya haifar da abubuwa biyu a tare da Abdullahi waɗanda suka bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Na farko shi ne riƙo da nassi, domin wanda ya ɗauki kowace jimla daga bakin malami ba ya saurin yarda a karkatar da ma'anarta. Na biyu shi ne ɗaukar ilimi a matsayin amana mai salsala, wadda mutum ya karɓa daga wani kuma za a tambaye shi yadda ya miƙa ta.

4.0 Daga Wa'azi Zuwa Fagen Fama

Abdullahi ya raka Shehu yawon wa'azi a Kabi da Zamfara, inda suka shafe kimanin shekara 5 a Zamfara kaɗai. A wannan lokaci ne ƙwarewarsa a Larabci ta fara bayyana. Sa'ad da wani malami mai suna Mustafa Gwani ya soki Shehu a waƙe kan barin mata su halarci wa'azi, Abdullahi aka sa ya mayar da martani, kuma hujjar da ya kafa ita ce barin mata cikin jahilci ya fi cutarwa a kan halartarsu majalisi cikin sutura, a keɓe da maza.

Darasinsa na farko a aikace game da iyakar ikon sarki ya same shi ne a Magami wajen 1788, lokacin da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Babbar Salla ya yi musu kyauta. Shehu bai karɓi dukiyar ba, ya nemi abubuwa 5 a madadinta: a bar shi ya yi kira zuwa ga Allah a ƙasar, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki fursunoni, kuma a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Bawa ya amince. Sai dai alkawarin na baki ne, ya dogara ga ran sarki ɗaya. Da sarauta ta zo hannun Nafata sai aka hana kowa wa'azi in ban da Shehu, aka hana shiga Musulunci ga wanda bai gada ba, aka kuma hana rawani da lulluɓi. Wanda ya ga yadda aka ba da haƙƙi da rana aka karɓe da dare yana da dalilin da zai sa ya nace daga baya cewa dole mulki ya zauna a kan rubutacciyar ƙa'ida da ta fi ƙarfin son zuciyar mai mulki.

A zamanin Yunfa al'amari ya kai ga hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. A can jama'a suka yi wa Shehu mubaya'a, kuma Abdullahi ne ya fara miƙa hannu. Shi ya jagoranci runduna a Tabkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekara, inda aka karya rundunar Gobir, shi ne kuma ya jagoranci cin Birnin Kabi a 1805. Amma nasarorin sun zo da asara mai nauyi. A Tsuntsuwa, ƙarshen 1804, an rasa mutane kusan 2,000, daga cikinsu akwai mahaddata Alƙur'ani kimanin 200, sannan aka sake shan wuya a Alwasa a 1805. Waɗanda suka faɗi a waɗannan wurare su ne abokan karatunsa, mutanen da suka san dalilin da ya sa aka fito.

5.0 Zaman Kano da Liya'ul Hukkami

Wajen shekarar 1807 Abdullahi ya yi abin da ya girgiza jama'a. Ya rabu da runduna tare da 'yan tsirarun abokan tafiya, ya fuskanci gabas da niyyar zuwa Makka da Madina. A cikin Tazyinul Waraƙati, wanda ya kammala a 1813, ya bayyana dalilinsa: mutanen kirki sun ƙare a fagen fama, waɗanda suka rage kuwa da yawansu hankalinsu ya koma kan neman muƙami da dawaki da tufafin ƙawa da ƙwaraƙwarai, irin abubuwan da aka yaƙi sarakunan da suka gabata a kansu.

Tafiyar ba ta wuce Kano ba. Jagororin jihadi na can sun karɓi birni, amma yawancinsu malamai ne da ba su taɓa riƙe ƙasa ba, ga kuma fada da dukiyar da suka tarar suna jan hankalinsu. Suka hana shi wucewa, suka nemi ya koya musu yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a. Nan ya zauna ya karanta musu tafsirin Alƙur'ani gaba ɗaya, ya kuma rubuta musu Liya'ul Hukkami. A bayaninsa, karatun ya yi tasirin da har suka farfasa kayan kiɗan da ya tarar da su, suka mayar da kwangon tambura abin zuba wa dawaki abinci.

Wannan shi ne karatun zaure a mafi girman matsayinsa: ɗaliban su ne masu riƙe da gari, kuma abin da aka karanta da safe ana iya zartar da shi kafin la'asar. Littafin ya tattauna hukuncin hijira, da wajabcin naɗa shugaba da sharuɗɗansa, da abin da yake haƙƙinsa da abin da yake wuyansa, da mataimakan da zai naɗa kamar waziri da sarakunan yankuna da alƙalai da muhtasibi da masu karɓar zakka, da hukunce-hukuncen yaƙi, da siyasar shari'a. Bai ƙago ra'ayi daga kansa ba. A rubuce-rubucensa na mulki ya dogara ga magabata irin su Mawardi da Alƙarafi da Ibn Farhun, da kuma Shehu Magili, wanda ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasihar mulki a ƙarshen ƙarni na 15. Ke nan bayan shekara fiye da 300 Kano ta sake karɓar baƙon malami da ya rubuta wa masu mulkinta ƙa'ida. Gwanintar Abdullahi tana wajen zaɓe da tsarawa: ya tsamo abin da ɗalibansa ke bukata a halin da suke ciki, ya jera shi yadda mai aiki zai iya komawa gare shi.

Ginshiƙin koyarwarsa shi ne bambanci tsakanin halifanci da sarautar duniya. Shugaba wakili ne da aka ɗora wa amana, dukiyar baitulmali ta jama'a ce, shawara wajibi ce a kansa, kuma bai halatta ya ba da muƙami don zumunta ko don kyautar da aka kawo masa ba. Ya yi kashedi ƙwarai game da mayar da shugabanci gadon gida, inda ɗa zai hau don kawai ubansa ya sauka. Daga baya ya bar niyyar tafiya gabas ya komo wajen Shehu, kuma a 1808 Alƙalawa ta faɗi.

6.0 Saɓani da Shehu

Bayan an kafa daula sai tambayoyi suka sauya kama. Ko ya halatta a kira shugaba da laƙabin sarauta irin na da? Ko ya halatta a buga tambari a ƙofarsa? Ko manya na iya sa tufafin alfarma da aka samo a ganima? Shehu, wanda nauyin haɗa kan jama'a ke wuyansa, ya karkata ga sassauci a littattafansa irin su Misbahu Ahliz Zamani da Najmul Ikhwani, yana ganin abin da malamai suka yi saɓani a kansa bai kamata a tsananta wa mutane a kai ba. Abdullahi ya karkata ga tsanantawa, kuma a Liya'us Sulɗani na 1812 ya bi waɗannan mas'aloli ɗaya bayan ɗaya yana bayyana inda ya saɓa. Tsoronsa shi ne suna da ado suna jawo hali: wanda aka kira da sunan sarakunan da, aka yi masa kiɗansu, ba zai daɗe ba zai yi mulki irin nasu.

Abin lura a nan shi ne yadda aka yi saɓanin. Ƙane ne kuma almajiri yake yi wa yayansa, malaminsa, shugabansa raddi a rubuce, cikin ladabi, da hujja daga littattafan da shi yayan ya karantar da shi, kuma babu wanda ya hana littafin yawo. Karatun zaure, wanda ake yawan zargi da haifar da biyayya ido rufe, shi ne ya samar da mutumin da ya iya wannan. A shekarar 1812 ɗin dai Shehu ya raba kula da daula gida biyu, ya ba ɗansa Muhammadu Bello gabas, ya ba Abdullahi yamma. Abdullahi ya zauna a Boɗinga, kusa da Sifawa inda Shehu yake a lokacin, abin da ya sa ake masa laƙabi da Mai Boɗinga.

7.0 Shekarar 1817

Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1817. Abdullahi yana da kimanin shekara 50, shi ne wazirin Shehu, shi ne ya fara mubaya'a a Gudu, kuma babu mai jayayya da fifikonsa a ilimi. Duk da haka manyan jama'a da ke Sakkwato suka yi wa Bello mubaya'a, wanda yake ɗan shekara 36, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka yi karatu a gaban Abdullahi. Riwayar da ta shahara ta nuna cewa ko da Abdullahi ya iso sai ya tarar an rufe ƙofar gari, ya juya ya nufi Gwandu.

Matsayin da ya shiga mai wuya ne. Abin da ya faru ya yi kama da abin da ya daɗe yana kashedi a kansa, wato ɗa ya gaji uba. A ɗaya ɓangaren kuma fiƙihun da yake karantarwa ya tabbatar da cewa idan masu ɗaurewa da kwancewa suka ƙulla mubaya'a ga wanda ya cika sharuɗɗa, to ta ƙullu, kuma Bello malami ne, jarumi, wanda ya cika su. Abdullahi bai ɗaga takobi ba. Ya yi abin da ya saba, ya rubuta Sabilus Salama fil Imama a wannan shekara, inda ya bi sharuɗɗan shugabanci da hanyoyin naɗa shugaba, Bello ma ya yi rubutu a kan mas'alar. Gardamar gadon mulki, wadda a daulolin da suka gabata ake yanke ta da kaifin takobi, a nan da alƙalami aka yi ta.

An yi shekaru ana zaman doya da manja. A halin nan tawaye ya tashi, Abdussalami ya yi bore a Kware aka murƙushe shi a farkon 1818, ragowar mutanensa suka taru a Kalambaina kusa da Gwandu suka gagari Abdullahi. Wajen 1820 zuwa 1821 Bello ya taho da runduna ya taimaki baffansa aka ci garin. Riwaya ta ce da suka haɗu Bello ya yunƙura zai sauka daga kan doki don girmama baffansa, sai Abdullahi ya yi masa ishara da ya zauna, shi kuma ya sunkuya ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Da wannan aka rufe ɓaraka, daula ta ci gaba da tafiya da cibiyoyi biyu, Sakkwato da Gwandu, har zuwan Turawa a 1903.

8.0 Ƙarshen Rayuwa da Abin da Ya Bari

Bayan Kalambaina Abdullahi ya janye jiki daga yawancin harkokin mulki, ya bar su a hannun ɗansa Muhammadu da ɗan yayansa Muhammadu Buhari, ya koma ga buzu da alƙalami. Tun kafin nan ya kammala babban tafsirinsa Liya'ut Ta'awili a 1816, wanda aka buga a Alƙahira cikin mujalladi 4 a 1961, daga baya kuma ya taƙaita shi a Kifayatu Lu'afa'is Sudan domin ɗaliban da ba su yi nisa ba. Ya rubuta Liya'us Siyasati a kan siyasar shari'a da fatawoyi. Ya mayar da fannoni masu wuya zuwa waƙe domin sauƙin hadda, kamar Bahrul Muhiɗi a nahawu da Hisnur Rasini a sarfu. Duk waɗannan ayyukan malami ne da ya san inda ɗalibi ke tuntuɓe. Ga masu nazarin Hausa kuma, ana danganta masa waƙoƙi da Hausa, daga cikinsu akwai wadda ta shafi tsarin mulki na Musulunci, irin waƙoƙin da Bello Sa'id ya tattara a kundinsa na 1978 a Jami'ar Bayero. Wannan na nuna bai taƙaita ilimin mulki ga masu jin Larabci ba, ya so talaka ma ya san abin da yake bin shugaba.

Ya rasu a Gwandu a shekara ta 1245 bayan Hijira, wato 1829, kuma a can kabarinsa yake. Ɗansa Muhammadu ya gaje shi, bayansa kuma wani ɗan nasa, Halilu, kuma sarautar Gwandu ta ci gaba a zuriyarsa har yau. Mutumin da ya fi kowa kashedi a kan gadon sarauta, gidansa ma bai kuɓuta daga gare shi ba. Turawa masu bincike sun waiwayi ayyukansa a ƙarni na 20, inda Mervyn Hiskett ya fassara Ida'un Nusukhi zuwa Ingilishi a 1957, ya kuma fitar da Tazyinul Waraƙati a Ibadan a 1963.

9.0 Kammalawa

Rayuwar Malam Abdullahi ta nuna abin da karatun zaure ya iya yi a fannin hukunce-hukuncen mulki. Ya samar da malamin da ya san nassi ciki da bai, wanda ya iya zaunar da masu mulkin Kano ya karantar da su, ya iya saɓa wa Shehu da hujja, ya kuma iya sallamawa ga ɗalibinsa lokacin da ƙa'ida da maslahar jama'a suka nemi haka. Ta kuma nuna inda tsarin ya gaza. Ƙarfinsa ya rataya ne ga kwarjinin malami da tsoron Allah na ɗalibi, babu wata hukuma tsayayya da za ta tilasta wa mai mulki bin abin da ya karanta bayan malam ya naɗe buzunsa. Shi ya sa laƙabai da tambura da gadon sarauta suka dawo a masarautu bayan ɗan lokaci, duk da littattafansa suna nan ana karantawa. Akwai aiki a gaban manazarta Hausa a nan: a tace waƙoƙinsa na Hausa a tabbatar da nassinsu, a kwatanta kalmomin mulki da ke cikinsu da na littattafansa na Larabci, domin a ga yadda ma'anonin imama da shawara da amana suka shigo harshen Hausa ta bakin malaman zaure. Allah Ya jiƙan Mai Gwandu, Ya sa Aljanna ce makomarsa.